Ƙarancin bitamin a jikin ƴan awaki da ƴan tumaki a Takieta

Ƙarancin bitamin matsala ce da ke kama ƙananan dabbobi a yankin Takieta, yamma da birnin Damagaram, musamman da bazara, daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da ciyawa ta bushe ƙamas.

Babbar akuya ko tunkiya na samun bitamin B da K daga ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinta. Shi kuwa sabon haihuwa tumbinsa bai fara aiki ba, don haka nono ne madogararsa, musamman dakashi, wanda ke ɗauke da bitamin A mai yawa.

Bitamin A daga ɗanyen ganye yake fitowa. Rashinsa na jawo dundumi, zawo, tari da tsumburewa. Rashin bitamin D na lanƙwasa ƙafafu, amma ba kasafai ake ganinsa inda dabbobi ke shan rana ba. Rashin bitamin E da sinadarin seleniyum na raunana tsoka, har ɗan akuya ya kasa tsayawa ya sha nono.

Rigakafi daga uwa yake farawa: a ba ta harawar wake da ta gyaɗa mai sauran kore, da ganyen gawo, wanda ke tohowa da rani. Likitocin dabbobi kan yi allurar bitamin A, D3 da E.