Asalin Sunan Bawa a Ƙasar Hausa

Da yawa daga cikin masu jin sunan Bawa a yau suna ɗauka cewa mai sunan jikan bayi ne, ko kuwa iyayensa sun rasa sunan kirki ne suka liƙa masa wannan. Wannan fahimta ba ta da tushe. Abin da hujja ta fi nunawa shi ne sunan ya samo asali daga al'adar wabi, kuma 'ya'ya masu 'yanci ake sa wa, domin tsananin son da ake yi musu.

Mai wabi ita ce macen da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana, wani bayan wani. A da, Bahaushe ya yi imani cewa ɗa ɗaya ne ke zuwa yana komawa, ko kuma iskoki da mayu ne suka sa wa gidan ido, shi ya sa a wasu wurare akan yi wa gawar jaririn shaida a kunne don a gane shi in ya dawo. Idan matar ta sake haihuwa, sai dangi su nuna kamar ba su damu da jaririn ba. Akan kai shi juji a ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko shi kamar tsintuwa ta yi, daga nan ya zama Ajuji. Wani a ce masa Ajefas, wani kuma Barau ko Barmani, wato roƙo ne a bar musu shi. A wannan sahu Bawa yake. Bawa dukiyar wani ne, ba a yi masa hassada, don haka mai neman ɗan gidan zai wuce shi. Ko a Ghana, Ashantawa sukan sa wa irin wannan yaro Donkor, wanda ma'anarsa bawa, saboda wannan dalilin.

Tarihin sarauta ma ya rushe zancen bauta. Sarkin Kano Bawa, wanda ya yi mulki daga 1660 zuwa 1670, ɗan Sarki Muhammadu Kukuna ne, kuma ɗansa Dadi ne ya gaje shi. Bawa Jangwarzo na Gobir, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gana da shi a Magami wajen 1788, ɗan Babari ne da ya kafa Alƙalawa. Su kuwa bayin gaskiya, sunayensu na nuna murnar ubangidansu ne ko addu'arsa, irin su Nagode da Nasamu da Barka, ko Allah Bar Sarki, wanda ya riƙe sarautar Ɗan Rimi a Kano. Ubangida ba ya buƙatar tuna wa kowa cewa bawansa bawa ne.

Akwai masu cewa Bawa taƙaitawa ce ta Bawan Allah, wato fassarar Abdullahi. Wannan magana tana da nauyi, domin Musulunci ya ba sunan sabuwar ma'ana mai daraja, kuma iyaye da yawa ita suka riƙa a zuciya. Amma ba ta isa ta zama asali ba. Hausa ta riga ta sarrafa Abdullahi zuwa Audu da Abdu, ba ta saba fassara sunayen yanka ba. Ba a ji an fassara Abdurrahman ko Abdulƙadir zuwa Hausa ba. Sannan Maguzawa ma suna sa Bawa, kuma a gidajen Musulmi yakan zo ne a matsayin laƙabi, kusa da sunan da liman ya raɗa ranar suna, wanda ba dole ba ne ya zama Abdullahi.

Yanzu da aka gane cewa sikila da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na cikin abubuwan da ke kashe yara a jere, mai wabi asibiti take nufa, ba juji ba. Shi ya sa aka fi jin Bawa a matsayin sunan uba ko kaka a takardun makaranta fiye da a bakin masu raɗa suna.