Madugu da layin dogon da ya tsaya a Doso

A ƙarni na 19, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratso ta nan ƙasar Dendi, su ƙetare kogin Isa a Gaya ko Illo, su bi ta Borgu har Salaga. Wasu ma sukan ɗauki gishirin Foga su sayar a hanya. Kowane ayari da madugunsa, kuma babban aikinsa shi ne sanin sarkin da za a ba gaisuwa, da kuɗin fito, da zangon da ke da ruwa. Jagaba yana gaba yana duba hanya. In madugu bai shirya da masu ƙasa ba, to jakuna dubu ma ba su kai goro gida. Shi ya sa aka ce madugu uban tafiya.

Ni a ganina wannan darasi ne kamfanin Bolloré na Faransa ya tsallake a zamaninmu.

Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku tun 1936, kilomita 438, ya tsaya nan. A 1959 Nijar da Dahomai suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda daga baya ta zama OCBN, amma daga Paraku sai dai manyan motoci su ɗauko kaya ta Malanbil da Gaya.

A Afrilun 2014 Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai, alhali ba a sa hannu kan cikakkiyar yarjejeniya ba sai a Agustan 2015. Ga kuma Samuel Dossou, attajirin Benin mai kamfanin Petrolin, yana cewa shi aka fara ba aikin. Ya kai ƙara. A Nuwamban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ce Bolloré ya dakata, kotun ƙolin Benin ta tabbatar a 2017. Duk da haka, a Janairun 2016 Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. Daga nan fa shiru. Dogo bai iso Gaya ba, bare ya haɗu da Paraku, kuma layin da bai kai teku ba ai babu kayan da zai ɗauka.

Kun ga kuɗi akwai, ma'aikata akwai, ƙarfe ma an shimfiɗa. Abin da ya ɓata tafiyar shawarar shugabanni ce: sun tada ayari tun ba a sasanta da mai cewa hanyar tasa ce ba. Asarar kuwa har mu ta shafa, don manomin Junju da ɗan kasuwar Gaya har yanzu kuɗin mota suke biya.

Mu da ke karatu yau, gobe wani zai riƙe ƙungiyar manoma, wani shago, wani ma'aikata. Kafin ka ɗaura wa jaki kaya, ɗan'uwa, fara tambaya wa ke da mashigi, kuma nawa ne fito.