Tsohon Ƙarfe da Masu Rayar da Shi: Tarihin Gyaran Motar Noma a Salaga da Yendi da Bawku

Duk wanda ya taɓa ratsa arewacin ƙasar Gana a ƙarshen bazara, sa'ad da hadari ya fara haɗowa daga gabas, manoma kuma suka shiga ɗaga kai suna duban sama, lalle ya ga wani abu a gefen kasuwannin Salaga da Yendi da Bawku wanda ya cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazari a kansa, watau jajayen motocin noman nan da muke kira tantan, waɗanda da yawansu sun girmi masu tuƙa su, an kafe su a inuwar darbejiya, an buɗe cikinsu, bakanike yana tsugune hannunsa dumu-dumu da baƙin mai, yaransa suna miƙo masa sifana, mai motar kuwa yana tsaye yana lissafin kwanakin da suka rage kafin ruwan shuka. Wannan sana'a ta rayar da tsohon ƙarfe tana da asali da silsila kamar kowane ilmi, ga shi kuwa littattafai sun cika da sunayen gwamnatocin da suka sayo motocin, ba su cika ambaton hannuwan da suka hana su mutuwa ba.

Kakanninmu sun san wannan ƙasa tun da daɗewa da sunan Gwanja, domin ayarin fatake yakan taso daga Kano, ya haye Kwara, ya keta Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango ya sauka Yendi, birnin sarkin Dagwamba, kana ya ƙarasa Salaga inda ake musayar kanwa da tufafi da dabbobi da goron ƙasar Tonawa. Ayarin Mosawa kuwa yakan gangaro daga arewa, wani sashinsa ta Bawku da Gambaga. Jama'a mai yawa irin wannan ba ta rayuwa sai da abinci, abinci ba ya samuwa sai da garma da fartanya, su kuma ba sa samuwa sai da maƙeri, wanda yakan sami ƙarfensa daga wurare irin su ƙasar Basari da ke gabas da Yendi, inda aka shahara da narkar da tama. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumashi, birnin Tonawa, a 1874, sa'an nan basasar 1892 ta tarwatsa Salaga har malamai irin su Alhaji Umaru suka ƙaura zuwa Kete Krachi, kasuwar goro ta mutu, amma ƙarar masaba a kan uwar maƙera ba ta yanke ba, saboda ciniki yakan sauya hanya, ciki kuwa kullum yana nan inda yake.

Sauyi na farko ya zo ne da garmar shanu a shekarun 1930, zamanin da wani ma'aikacin gona Bature, Charles Lynn, yake aiki a Zuarungu, ya lura da yadda ƙasar ta gaji saboda yawan jama'a, ya shiga koya wa manoma ɗaure wa bijimai karkiya da zuba taki, kamar dai yadda aka fara a Nijeriya ta Arewa 'yan shekaru kafin haka. Likitocin dabbobi na Pong Tamale kuma suka duƙufa ga rigakafin ciwon bushiya, wanda ba don an ci ƙarfinsa ba da babu manomin da zai aminta ya sa dukiyarsa a sā. A ƙasar Bawku, inda gonakin Kusasawa suke ƙanana, kewaye da gidaje, ƙasar kuma tana da sauƙin huɗa, wannan garma ta zauna daram har yau. A ƙasar Salaga kuwa, inda daji yake da faɗi, jama'a ba su da yawa, ƙudan tsando yana sa wa shanu sammore, doya kuma sai an tara mata tsibi da hannu, abin bai karɓu haka ba. A nan ne maƙeri ya fara sanin ƙarfen Turai, domin idan bakin garma ya cinye ko kusa ta karye, babu wanda zai jira jirgin ruwa daga Ingila alhali ga zuga-zugi a bakin kasuwa.

Ita motar noma irin wadda ta cika ƙasar yau, asalinta hikimar wani mutumin Ailan ta Arewa ce, Harry Ferguson, wanda ya ƙago hanyar ɗaure garma a bayan mota ta maɗauri uku, ta yadda mai tuƙi zai ɗaga ta ko ya sauke ta da ƙarfin mai yana zaune. Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera 'yar ƙaramar motarsa mai ruwan toka fiye da rabin miliyan a birnin Coventry, kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris a 1953, daga bisani aka taƙaita sunan ya zama Massey Ferguson. A wannan zamani ne, da Turai ta fito daga yaƙi tana ƙishirwar man girki, gwamnatin Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta kafa Kamfanin Raya Gwanja a Damongo wajen 1950, aka kawo manyan injuna suka tumɓuke itatuwa, aka ɗebo manoma daga ƙasar Farafara aka zaunar da su, da niyyar noma dubban eka na gyaɗa da dawa. Kututture da saiwa suka yi ta karya ƙarfe, kayan gyara suna can bayan teku, kuɗin da ake kashewa ya ninka abin da ake girba, har aka rufe kamfanin a 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai. Irin wannan ƙaddara ce ta sami aikin Mokwa a Nijeriya da aikin gyaɗar Tanganyika.

Da a ce an ɗauki ibra daga Damongo, da an huta da asara ta biyu. Sai dai gwamnatin Kwame Nkrumah, cikin himmarta ta ganin ƙasar ta ciyar da kanta, ta kafa Hukumar Gonakin Gwamnati a 1962, ta shigo da motocin noma masu ɗimbin yawa daga Rasha da Cekoslobakiya da Yugoslabiya da ƙasashen Yamma, kowace da irin notinta da irin famfonta, ta yadda kayan wannan ba su shiga waccan. Da aka yi juyin mulkin 1966, da yawansu suka zauna a fili, rana da ruwa suna cin su, ba don sun tsufa ba, sai don an sayo jiki an bar ilmin da zai riƙe shi. Duk da haka hasarar ba ta tafi kurum ba, domin samarin da suka koyi tuƙi da kwance inji a waɗannan gonaki su ne suka koma garuruwansu suka zama tushen kanikancin motar noma a Arewa.

Sana'ar ta balaga ne a zamanin shinkafa. Shugaban mulkin soja, Kanar Acheampong, ya ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972, bankuna suka buɗe hannu, attajirai da alhazai da ma'aikata da hafsoshi suka bazama cikin fadamun Nasia da Fumbisi da kwarin Katanga na kusa da Salaga, kowa da motarsa da garmar faifai. Wadda ta fi samun karɓuwa ita ce Massey Ferguson, irin su mai lamba 135 wadda aka fara ƙerawa a 1964 da injin Perkins mai tukunya uku, da yayarta mai lamba 165, saboda cikinsu a bayyane yake, babu wani sirri da sifana da basira ba za su kai gare shi ba. Sa'an nan tsanani ya biyo baya: kuɗin waje ya ƙare, fari da gobarar daji suka haɗu a 1983, aka karya darajar sidi, aka janye rangwamen gwamnati sannu a hankali, sabuwar mota ta gagari kowa. A cikin wannan ƙunci ne bakanike ya nuna ko shi wane ne, ya haɗa matattu biyu ya tayar da rayayya ɗaya, ya yanka gasket daga kwali, ya aika yaro unguwar Magazin ta Suame a Kumashi, wadda ta samo sunanta daga tsohon ma'ajin makaman soja, a fiƙe masa ƙarfen da babu shi a kanti.

Aikin yana da tertibi irin nasa. Bakanike na ƙwarai yakan fara da kunne, ya saurari bugun injin, kana ya dubi hayaƙi, domin baƙi yana nuna man bai ƙone sarai ba, shuɗi yana nuna ringi ya saki har baƙin mai yana hawa, fari kuma yakan nuna ruwa ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba. Da rani ake sauke inji, a canza fistan da ringi, a wanke lagireto, a kai famfon mai Tamale ko Kumashi wurin masu na'urar daidaita shi, mai walda kuma ya ɗinke garmar da kututturen kaɗanya ya tsaga. Dalilin wannan gaggawa shi ne damina ɗaya ce tak a Arewa, kwanakin kaftu kuma ƙidayayyu ne, motar da ta kwanta mako biyu a lokacin ta jawo wa gidaje da yawa makarar shuka, tun da yawancin manoma haya suke yi a kan kowace eka, wani ya biya hannu da hannu, wani sai kaka ya auna hatsi. Yaro kuwa yakan shekara da shekaru a gaban maigidansa, daga wankin noti har ya kai ga buɗe giya, ranar da aka yaye shi a tara mutane a yi addu'a a sa masa albarka, abin da ya yi kama da ijazar da malami yake ba almajirinsa.

A 2007 gwamnati ta sake buɗe cibiyoyin hayar motocin noma, ta shigo da sababbi, galibi ƙirar Indiya, a kan bashi mai sauƙi. Amma masu binciken da suka bi sawun al'amarin sun tarar manoma masu sayen mota da kuɗin aljihunsu sun fi son tsohuwar Massey Ferguson da aka gama aiki da ita a Turai, saboda kayanta suna kasuwa, masaninta kuma yana bakin hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Masana'antar Coventry ta daina ƙera mota tun 2002, a Ingila da Amurka kuma akwai masu sha'awa da suke sayen irin waɗannan tsofaffi, har da ƙananan na aikin lambu, su goge tsatsa, su shafa fenti irin na asali, su kai su wurin nuni ranar hutu. 'Yan'uwan waɗannan motoci da suka faɗo Yendi kuwa har yanzu suna cikin turɓaya tun daga asuba, wasu ma masu su suna tasowa da su daga Ejura, inda ruwa yake riga sauka, su biyo damina zuwa Arewa.

Malaman fiƙihu, cikinsu har da Imamu Gazali, sun lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farali na kifaya, wanda idan wasu suka ɗauke ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari alhakin ya hau kan kowa. Shari'a kuma ta hana tozarta dukiya, ta zargi almubazzaranci. Bisa wannan ma'auni, mutumin da ya tayar da motar da ta shekara 50, ta koma gona ta ciyar da unguwa guda, ya tsare amanar dukiya, ya kuma sauke wa al'umma wani nauyi, ko da tufafinsa sun yi baƙi, ko da ba a kiransa gaban majalisa. Abin da ya wajaba a kan hukuma da masu hali shi ne, duk sa'ad da za a sayo ƙarfe, a fara tambayar wa zai gyara shi, ina kuma kayansa, a girmama masu garejin nan, a taimaki yaransu da karatu da kayan aiki tun dattawan da suka ga zamanin shinkafa suna raye. Allah Ya yi albarka ga hannun da yake gyara, Ya ba mu damina mai albarka, amin.