Daga Fitsarin Mata Zuwa Kwalbar Ɗakin Bincike: Tarihin Sinadarin FSH

A Katsina, macen da ta jima da aure ba ta samu rabo ba, in ta je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa, likita kan rubuta mata gwajin jinin da ake ɗiba a kwana na biyu ko na uku na al'ada. Cikin abin da ake aunawa akwai FSH, sinadarin da wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke sakewa cikin jini. Tsokar ba ta wuce ƙwayar wake ba, amma abin da take sakewa shi ke sa ƙwan mace ya girma, shi kuma ke taya marainan namiji yin maniyyi. Mafi yawan abin da aka sani game da shi, a jikin ɓera aka fara ganinsa.

A 1927, a birnin Balin na Jamus, likitoci biyu, Selmar Aschheim da Bernhard Zondek, suka lura cewa in aka yi wa 'yar ɓeran da ba ta balaga ba allurar fitsarin mace mai ciki, ma'ajiyar ƙwanta kan kumbura cikin 'yan kwanaki. Nan gwajin ciki na zamani ya samo asali. A 1930 Cole da Hart suka gano wani sinadari mai irin wannan ƙarfi a jinin goɗiya mai ciki, wanda har yau ake sa tumaki da awaki neman barbara da shi. A 1931 kuma Fevold da Hisaw, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka nuna cewa sinadarai biyu ne a tsokar nan: FSH mai renon ƙwai, da LH mai sakinsa.

Sanin abu daban, samunsa daban. A ina za a samo shi har ya isa magani? A 1958 Carl Gemzell na Suwidin ya yi amfani da wanda aka tatso daga tsokar mamata, hanyar da aka watsar daga baya saboda cutar ƙwaƙwalwa da take iya yaɗawa. Kamfanin Serono na Rum ya bi wata hanya. Macen da ta daina al'ada jikinta kan yawaita FSH, ya riƙa fita ta fitsari, don haka aka shiga tara fitsarin tsofaffin mata masu hidimar coci a Italiya, da yardar Fadar Paparoma. Maganin da ya fito, Pergonal, da shi Bruno Lunenfeld ya samu haihuwar farko a Isra'ila a farkon shekarun 1960. Kafin wannan, a 1957, Ruth Fowler da Robert Edwards sun riga sun koyi sa ɓera ta saki ƙwai da yawa lokaci guda da allurar irin waɗannan sinadarai. Edwards ɗin ne ya jagoranci aikin da aka haifi Louise Brown da shi a 1978, jaririya ta farko da aka samu ta haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki.

Fitsari kuwa bai taɓa wadatarwa ba, kuma ba ya tacuwa tsaf. Mafita ta zo da aka iya ɗauko umarnin haɗa sinadarin daga ƙwayoyin gado, a dasa shi a ƙwayoyin halittar dabba da ake reno a kwalba, su riƙa yinsa. Ƙwayoyin bakteriya ba sa iya wannan aiki yadda ya kamata, domin FSH ɓangare biyu ne da ke haɗuwa, ga sukari manne a jikinsu, kuma sukarin ne ke sa ya daɗe a jini. A 1995 Turai ta amince da Gonal-F, FSH na ɗan Adam da aka yi haka. Ta wannan hanya ake yin na ɓera ma, ana sayar wa masu bincike a 'yan kwalabe, don auna jinin ɓera ko renon ƙwanta a faranti. Ba magani ba ne, ba kuma a yi wa mutum allurarsa.

Abin da ya fi jan hankalina ya faru a 1997, a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston. Rajendra Kumar da Martin Matzuk suka samar da ɓerayen da jikinsu ba ya yin FSH sam. Matan ba su haihu ba, ƙwansu ya fara girma ya tsaya. Mazan kuwa, duk da ƙanƙancewar maraina da raguwar maniyyi, sun yi ta ba da ciki. Da za a tsaya a kan ɓera, sai a ce matsalar ta mata ce kawai, irin hukuncin da muka saba yankewa a gidajenmu, inda ake kiran mace juya ba a taɓa duba mijin ba. Amma 'yan mazan da aka samu an haife su ba sa yin FSH, an tarar ba ƙwayar haihuwa a maniyyinsu. Shi ya sa in gwajin maniyyin miji ya nuna ƙaranci, likita kan aika shi ma a auna masa FSH, don a gane ko marainan ne suka gaza ko saƙon ne bai fito daga ƙwaƙwalwa ba.