Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Kogi Ya Sami Takardar Ruwa A Kolorado

Wannan fili ne da muke buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin waɗanda ba su sami damar saurare ba, ko kuwa batir ya ƙare musu ana tsakiyar magana.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani masunci a gefen Gashuwa. Bayan gaisuwa, ya ce ya ji mun faɗa kwanakin baya cewa wai a Amurka akwai inda doka ta hana a taɓa ruwan kogi saboda kifi da masu wasa da kwale-kwale. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, yana so ya san ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, yaya aka yi manoma suka yarda.

To Malam, gaskiya ne, amma sai da aka sha kusan shekara ɗari ana ja-in-ja kafin a kai nan. Gyara zama ka ji.

Jihar da muka yi magana a kanta sunanta Kolorado, a yammacin Amurka take. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, ba ta da damina irin tamu. Dogaronsu yana kan dusar ƙanƙara da ke taruwa bisa manyan tsaunuka lokacin sanyi. In zafi ya kama, wajen Mayu da Yuni, sai ta narke, koguna su cika su batse, daga nan kuma ruwa ya yi ta ja da baya har Agusta da Satumba, daidai lokacin da shuka ke kukan ƙishi. Tsaunukan nan sun raba jihar biyu. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan yamma yake gangarawa, mutane kuwa da manyan birane irin su Denver, mafi yawansu suna gabas. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Turawa sun kwararo wurin ne a 1859 neman zinariya, suka ture 'yan asalin ƙasar, manoma kuma suka biyo bayansu. A 1870 wasu suka kafa garin Greeley, suka haƙa magudanai daga wani kogi mai suna Poudre suna ban ruwa. Ba a daɗe ba mutanen Fort Collins, waɗanda ke sama da su a bakin kogin, su ma suka haƙa nasu. Da fari ya zo a 1874, na sama suka kwashe ruwa, gonakin na ƙasa suka soma ƙonewa. Aka yi taro a wata makaranta, rai ya ɓaci har ana zancen ɗauko bindiga. Ruwan sama da ya sauko ne ya kwantar da rigimar a wannan shekara. Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarshen magudana ya san irin wannan ɓacin rai, ba sai na faɗa ba.

Shi ya sa da Kolorado ta zama jiha a 1876, aka sa maganar ruwa cikin tsarin mulkinta. Ƙa'idar ita ce wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi: wanda ya fara ɗibar ruwa ya yi aiki da shi, shi ke gaba a layi, ko da gonarsa tana can ƙasa, ko da ma ba a bakin kogin take ba. A 1882 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka a shari'ar wani manomi mai suna Coffin. Shi a bakin kogi yake, ya ga masarar sa tana bushewa alhali wani kamfani yana juya ruwan zuwa wani kwari dabam, sai shi da mutanensa suka je suka fasa madatsar. Kotu ta ba kamfanin gaskiya, don ya riga shi.

Tun daga nan kowane mai ruwa yana da takarda daga kotu, mai ɗauke da yawan ruwansa da kuma shekarar da ya fara. In ruwa ya yi ƙaranci, mai tsohuwar shekara sai ya yi abin da suke ce wa kira, jami'in gwamnati ya bi ya rufe ƙofofin magudanan waɗanda suka zo bayansa, har sai nasa ya cika. Amma akwai sharaɗi. Dole ka fitar da ruwan daga kogi ka yi aiki da shi, ko gona, ko ma'adinai, ko famfon gari. In ka shekara goma ba ka taɓa shi ba, ana iya cewa ka yar da haƙƙinka. Wato dai a idon wannan doka, ruwan da aka bari yana tafiya cikin kogi asara ce, ba shi da mai shi. Kowa sai ya yi ta ja iyakar ƙarfinsa. Biranen gabas har huda tsaunuka suka yi: akwai rami guda mai tsawon kilomita 21 da ya fara kai ruwan yamma gabas a 1947. Wasu koguna suka riƙa ƙafewa ƙaf a ƙarshen rani, mutum ya tsallake da takalminsa.

Kifi ne ya fara biyan kuɗin abin. A babban kogin Kolorado, wanda jihar ta ci sunansa, akwai wani kifi da suke kira faikmino, wanda a da yake kai tsawon mutum, kamar dai giwan ruwa a wurinmu, yana tafiyar ɗaruruwan kilomita don ya zuba ƙwai. Madatsu suka tare masa hanya. Cikar kogi ta shekara-shekara, wadda ke wanke tsakuwar da yake ƙwai a kai, ta ragu. Akwai wani kuma da 'ya'yansa ba sa girma sai ruwa ya malala gefe ya yi tabkuna masu ɗumi. A 1967 aka sa faikmino cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Malam mai wasiƙa, kai wannan ba baƙon zance ba ne a wurinka. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, cikar da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru ta canja, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ka fi ni sanin cewa a fadama kifi ke hayayyafa.

An fara gwada sa'a a kotu a 1965. Hukumar da ke kula da ruwan yammacin jihar ta nemi a rubuta mata ruwa a bar shi cikin kogi domin kifi. Kotun ƙoli ta ce a'a, ba ku fitar da shi ba, don haka ba naku ba ne. Sai a 1973 majalisar dokokin jihar ta yi dokar da ta ce barin ruwa a kogi domin kare halittunsa shi ma aiki ne. Ga kuma amsar tambayarka ta biyu. Manoma sun yarda ne saboda ba a taɓa takardar kowa ba. Hukuma guda ɗaya tak ta gwamnatin jiha aka ba ikon riƙe irin wannan haƙƙi, ruwan kuma ɗan daidai gwargwado ne, sa'an nan kogi ya bi layi kamar kowa. Takardarsa ta 1973 ce ko bayan nan, ta manomi kuwa wata tun 1870 da wani abu. An rubuta wa koguna da rafuka masu tsawon sama da kilomita 15,000 irin wannan takarda. A ganina abin a yaba ne, sai dai a shekarar fari, lokacin da kifi ya fi bukata, sabuwar takarda ita ake fara rufewa. Daga baya aka ƙara dokokin da suka ba mai tsohuwar takarda damar sayar da ruwansa ga hukumar, ko ya ba da haya na 'yan watanni a biya shi, ba tare da ya rasa layinsa ba.

Yanzu mu zo ga masu kwale-kwale. Na san wasunku za su ce wane irin wasa ne kuma da ruwan da za a yi noma da shi? Ku 'yan kasuwa za ku fi saurin ganewa. Inda kogi ke gangarowa daga tsauni yana dukan duwatsu yana kumfa fari fat, nan mutane ke biyan kuɗi a ɗauke su cikin jirgin roba da ake hura wa iska, wasu kuma su shiga ɗan ƙaramin kwale-kwale mai cin mutum ɗaya. A garin Salida, a bakin kogin Arkansas, tun 1949 ake tseren irin wannan. Dubban baƙi ke zuwa, su kama masauki, su ci abinci, su sha mai. Garuruwan da ma'adinansu suka mutu da wannan suka farfaɗo. In ruwa ya ja, kasuwa ta tashi.

A kogin Arkansas sulhu aka yi, ba shari'a ba. Tun 1990 masu dam da manoma da masu jirage suka shirya cewa daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta za a yi ƙoƙarin sako ruwa kimanin duro 100 a kowace daƙiƙa, in mun auna da duro mai cin lita 200. Ruwan ba ɓata yake ba, daga dam na sama ake tura shi zuwa dam na ƙasa, ya jira masu shi a can. Me ya sa ake tsayawa a tsakiyar Agusta? Saboda kifin wurin ya fi samun abinci da ƙiba in ruwa ya lafa. Ashe mai jirgi da kifi ma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba.

Wasu garuruwa kuwa kotu suka nufa. A 1992 kotun ƙoli ta yarda wa Fort Collins, garin nan dai na rigimar 1874, cewa ginin da ya yi cikin kogi don jirgi ya wuce da matakalar da kifi ke hawa, sun isa a ce ya sarrafa ruwa, ko da bai fitar da shi ba. Garin Golden ya ga ƙofa ta buɗe. Ya jera manyan duwatsu cikin rafinsa ya yi filin wasan kwale-kwale, ya nemi ruwa har kimanin duro 140 a daƙiƙa. Gwamnatin jiha ta ce wannan ya yi yawa, zai hana na sama gina sabon abu. Aka kai kotun ƙoli, a 2003 alƙalai suka rabu uku da uku, hukuncin ƙaramar kotu da ya ba Golden gaskiya ya tsaya. Tun ana cikin shari'ar, a 2001, majalisa ta yi doka ta taƙaita abin: gari ko gunduma ko hukumar ruwa kaɗai ke iya nema, ban da ɗaiɗaikun mutane.

Duk da waɗannan dokoki, abin da ya fi riƙe ruwa cikin kogin Kolorado wani tsohon gidan wutar lantarki ne mai suna Shoshone, wanda ba domin kifi aka gina shi ba. Ya fara aiki a 1909, amma takardarsa ta 1902 ce, ta ruwa kimanin duro 175 a daƙiƙa. Ruwan yana juya injinsa ne kawai ya koma kogi, bai ci ko ɗigo ba. In ya yi kira, duk wanda ke sama da shi mai sabuwar takarda, har da ramukan da ke kai wa biranen gabas, dole ya saki ruwa. Da wannan ruwa masu jirage ke cin abinci, da shi masu lambunan 'ya'yan itatuwa na wajen Grand Junction ke ban ruwa, shi ne kuma ke taimakon wani yanki mai tsawon kilomita 24 da faikmino ke zaune, wanda magudanan manoma kan kusa ƙafar da shi.

Matsalar ita ce in inji ya tsaya, kira ya faɗi. A 2007 babban bututunsa ya fashe, gidan ya yi watanni a rufe, mutanen yamma suka ga abin da zai faru ranar da aka rufe shi gaba ɗaya. A watan Disamba 2023, hukumar nan da kotu ta kora a 1965 ta ƙulla ciniki da kamfanin Xcel Energy, mai gidan wutar, za ta sayi takardar a kan dala miliyan 99, ta ba kamfanin haya ya ci gaba da aikinsa. Manufa ita ce a ƙara wa takardar haƙƙin kogi, yadda ko inji ya mutu layin 1902 zai ci gaba da kira. Gundumomin yamma da ƙungiyoyin manoma masu ban ruwa suna cikin waɗanda suka yi alƙawarin zuba kuɗi. Hukumomin ruwa na biranen gabas, su Denver da Aurora, suka ce ba su ƙi ba, amma a auna ainihin ruwan da gidan ya saba amfani da shi, kada a rubuta fiye da haka a rage musu. A watan Nuwamba 2025 hukumar ruwa ta jiha ta amince ta karɓi haƙƙin, aka bar wa kotun ruwa maganar awon.

To Malam, ka ji yadda aka yi. Masu tambaya a kan farashin taki, ku yi haƙuri, taku tana tafe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.