INA TALAKA KE KAI ƘARAR MAI KAKI?

Ƴan'uwa ƴan ƙungiya, a zaman da munka yi bayan sallar layya, wani dattijonmu ya kawo kuka: ɗanshi na komowa daga kasuwa, anka tare shi a wani shinge, anka amshe mishi jikka 2 babu rasit, da ya buɗe baki anka ƙara mishi da mari. Kowa ya ce Allah ya isa, anka watse. Mu da ke karantar da yara tarihi a lakwal abin ya tsaya muna a rai, don wannan shiru gado ne, kuma ana iya bin sawunshi.

Mu fara da shekarar 1899, lokacin da kaftin Bule (Voulet) da Shanwan (Chanoine) sunka ratso ƙasar ga da sojojinsu. Sun ƙone Lugu, garin Sarauniya, sun yi ɓarna a Birnin Ƙonni wadda har yau tsofaffi na ba da labarinta. Dubban mutane sun ga abin da idonsu, amma kukan ko ɗaya daga cikinsu bai kai Faransa ba. Abin da ya kai can, wasiƙa ce ta wani laftana Peto (Péteau), wanda Bule ya kora tun suna bakin kogin Kwara. Ya rubuta wa matar da zai aura, takardar ta bi hannu-hannu har ta isa ga gwamnati a Paris. Sannan ne anka aiko kanar Kulob (Klobb) shi bincika. Ya bi sawun garuruwan da sunka zama toka har ya cim musu a Dankori, wajen Tasawa, ranar 14 ga watan Yuli, Bule ya sa anka harbe shi. Kwana kaɗan bayan haka sojojin da kansu sunka kashe shugabannin biyu. Daga bisani anka rufe bincike, wai zafin ƙasarmu ne ya taɓa musu kai. To, ku lura da abu biyu: ƙarar a rubuce take, kuma ta faɗa hannun wanda ba ya ƙarƙashin Bule.

Da mulkin nasara ya zauna, sai anka shirya shi yadda irin haka ba za ta samu ga baƙar fata ba. A dokar da ake ce ma andijena (indigénat), kumandan na da ikon jefa mutum kaso har kwana 15, ko shi ci shi tarar faran 100, wato dala 20, ba alƙali ba shaida. A 1924 anka rage kwanakin zuwa 5. Masu aikata umurnin su ne gardi masu jar dara. Su ke karɓar lanho, su ke kora mutane aikin dole. In gardi ya ci maka kaza ko ya doke ka, gun wa za ka je? Gun kumandan, ubangidanshi, kuma sai ta bakin tafinta. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Sun auna, sunka ga shiru ya fi araha. An soke andijena da aikin dole a 1946, an samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, amma ɗabi'ar ta tsira daga dokar da ta haife ta.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro sunka buɗe wuta ga ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, mutum 3 sunka rasu. Babban taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamiti na musamman don binciken laifuffuka da zaluncin da anka yi, mutane sunka ji a rediyo ana tambayar manya masu galo. Abin da ba a taɓa ji ba ne, ko da yake hukuncin da ya biyo baya bai kai yawan maganar ba.

Tsarin mulki na 2010 ya tanadi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CNDH, wadda ba ta cikin layin ƴan sanda ko na soja. A 2020 ta je Inates, cikin jihar Tilaberi, ta tono ramuka 6 da gawa 71, ta ɗora laifin ga wasu sojoji, hukumomin soja sunka musanta. An jingine wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Akwai kuma shari'ar 2017: ƴan sanda 3 sunka sha ɗaurin shekara guda saboda dukan wani ɗalibi a Yamai. Me ya sa? An ɗauki hoton dukan da salula, duniya ta gani, babu halin a ce ƙarya ne. Wasiƙar Peto ce ta sake dawowa da wata kama.

Ba mu ce duk mai kaki azzalumi ba ne. Cikinsu akwai ɗiyan garin ga, wasu ma mu munka koya musu abajada, kuma randa ɓarayi sunka kore shanu, su muke kira. Sai dai ba a sa mutum shi yi wa abokin aikinshi shari'a. Doka ta san da haka: ƴan sanda da jandarmomi masu binciken laifi suna ƙarƙashin mai gabatar da ƙara na kotu, purukurai, kuma kowane ɗan ƙasa na iya rubuta mishi ƙara kai tsaye, ba sai ya bi ta komisariya ba.

Don haka ga abin da muke roƙon biro shi sa cikin zama na gaba. A sayi kaye guda, a aje gun magatakarda. Duk wanda anka zalunta shi zo a rubuta rana, wuri, abin da anka amsa, da sunan shaidu biyu. In akwai rauni, a je likita a amso takarda tun jiki bai warke ba. Takardar ƙara a yi ta kwafi biyu, ɗaya ta zauna gare mu, kuma kada mai ƙara shi tafi shi kaɗai, mutum biyu na ƙungiya su raka shi. Rubutun, mu malamman lakwal mun ɗauke shi kyauta, kowace Asabar da hantsi.