Wayar da Ta Haɗa Akwatunan Gem: Waiwaye Daga Ka'oje

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a garuruwa irin su Ka'oje ya san akwatin nan. Kafinta ne ke haɗa shi da katako da falanki: talabijin a sama, PlayStation a ƙasa cikin aljihu mai kwaɗo, sai wayoyin hannun wasa biyu da suka leƙo ta wani ɗan rami. Saboda ƙura aka yi shi, da hannun yara, da ɓarawo. Amma abin da kafintan ya ƙera ɗan'uwa ne ga akwatunan da suka cika ɗakunan wasa na Amurka da Japan tun shekaru hamsin da suka wuce. Inda muka rabu da su shi ne, a can an daɗe da koya wa akwatunan magana da juna, mu kuwa sai ka ga huɗu a jere cikin ɗaki ɗaya, kowane yana harkar gabansa.

Tun farko wasan gem na mutum biyu ne. Spacewar!, wanda Steve Russell da abokansa suka rubuta a jami'ar MIT a 1962, ba ya yiwuwa sai da abokin karawa. Haka ma Pong na kamfanin Atari, wanda aka fara ajiyewa a wata mashaya a garin Sunnyvale a 1972, har ya tsaya cak bayan 'yan kwanaki saboda tsabar kuɗi sun cika asusunsa. Da masu shaguna suka gane cewa yawan hannu shi ne yawan kuɗi, sai aka shiga cusa mutane a kan allo ɗaya. Indy 800 na 1975 yana ɗaukar direbobi takwas, kowa da sitiyarinsa, sun kewaye allo guda. Gauntlet na 1985 yana ɗaukar huɗu. Sai dai allo ɗaya yana da iyaka: kowa yana ganin abin da kowa ke gani, ba ɓuya, ba kwanton ɓauna, kuma ba yadda za a nuna wa kowane direba hanya ta gilashin motarsa.

Kamfanin Namco ne ya warware wannan ƙulli a 1987 da wasan tseren mota mai suna Final Lap. Kowane akwati kujera biyu ne da allo biyu, kuma ana iya jona akwati huɗu da waya, mutum takwas su yi tsere lokaci guda a filin Suzuka. Akwai wata dabara a cikinsa da nake ganin ta fi wayar kanta nuna sanin halin ɗan Adam: motar da aka bari a baya ana ƙara mata ɗan gudu a ɓoye, domin kada sabon shiga ya yanke ƙauna ya tashi. Masu ƙera wasan sun san wanda aka yi wa fintinkau ba zai sake sa kuɗinsa ba. Duk mai gidan gem a Arewa ya san wannan darasi daga dokar "wanda aka ci ya tashi", inda gwani ɗaya kan riƙe hannu har yamma, ƙananan yara su gaji da jira su watse.

Daytona USA na kamfanin Sega, wanda ya bazu a duniya a 1994, shi ya kai abin ƙololuwa, kuma ya kamata a dubi yadda yake aiki. Kowace kujera tana da ƙwaƙwalwarta. Daga kowace akwai siririyar wayar haske da ke fita ta shiga ta kusa da ita, ita ma ta miƙa wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta dawo wa ta farko, ya zama zobe. Mai shago zai shiga saiti ya naɗa ɗaya jagora, sauran mabiya, ya ba kowace lambar motarta, daga ɗaya har takwas. In an kunna, sai su tsaya suna jiran juna har kowace ta amsa. Saƙon da ke yawo a wayar ɗan kaɗan ne, wato inda kowace mota take da irin gudunta, kowace na'ura kuma ta zana hoton da ya dace da idon direbanta. Rauninsa a fili yake: ɗaya ta mutu, zoben ya tsinke. Tamkar 'yan adashe ne, in mutum ɗaya ya ƙi zubi, kwasar kowa ta tsaya.

Wasannin dambe sun bi wata hanya dabam, mai sauƙi. Bayan fitowar Street Fighter II a 1991, ɗakunan wasa na Japan sun riƙa jingina akwati biyu baya da baya, amma ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke ciyar da allon biyu. Ba jinkiri ko kaɗan, kuma baƙo zai iya ƙalubalantarka ba tare da kun haɗa ido ba.

Na'urorin gida sun yi ƙoƙarin kwaikwayo. Game Boy ya zo da wayar jonawa a 1989. Sony ta fitar da tata ta PlayStation a 1995, amma sai kana da na'ura biyu, talabijin biyu da faifai biyu na wasa ɗaya, shi ya sa ba ta yi kasuwa ba. Gran Turismo 3 na 2001 yana haɗa PS2 har shida, Halo kuma a wannan shekarar yana haɗa Xbox huɗu, mutum goma sha shida. Daga nan intanet ta janye hankalin kamfanoni, har Sony ta cire ramin da ake jona wayar daga PS2 da suka fito daga baya.

A daidai wannan lokaci ne kayan suka fara kwararowa ƙasarmu da yawa, galibi na hannu, daga kasuwar Alaba ta Legas da tashar ruwa ta Kwatano. Ƙasar Bagudo, inda Ka'oje take, tana bakin wannan hanya, tunda Tsamiya na fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, kuma rufe iyakokin tudu da aka yi a watan Agustan 2019 ya taɓa kowane mai sayen kayan Kwatano. Sai dai abin da ya iso mana na'ura ce tsirararta, babu wayar jonawa, babu littafin bayani. Ga shi kuma wasan da ya mamaye zukatan samarinmu ƙwallo ce, Winning Eleven da PES, wadda allo ɗaya ya ishe ta. Saboda haka muka tsallake zamanin jona akwatuna gaba ɗaya, ba mu ma san an yi shi ba.

Masu ƙera akwati a gida su suka farfaɗo da jona akwatuna a ƙasashen waje. A watan Fabrairun 1997 wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fitar da MAME, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi ƙwaƙwalwar tsofaffin akwatuna. Mutane suka shiga yanka falanki a garejinsu, suna sa maɓallai da sandar sarrafawa, suna cusa tsohuwar kwamfuta a ciki. Zuwan Raspberry Pi a 2012, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba a kan dala 35, ya sa aikin ya zama na kowa. Da mutum ya gama akwati na biyu kuwa, tambayar da ke biyo baya ita ce yadda za a haɗa su. A manhajar da ke kwaikwayon Daytona, ana rubuta wa kowace kwamfuta adireshin ta gaba da ita, wato zoben 1994 ne aka sake ɗaurawa da wayar kwamfuta ta yau da kullum.

Haɗawa ta nesa ta fi wuya. Waɗannan wasanni suna canza hoto sau 60 a daƙiƙa, don haka ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya ɓata naushi. Kaillera ta 2001 takan sa kowa ya jira saƙon ɗan'uwansa. Tony Cannon ya kawo GGPO a 2006 da wata hikima: na'urarka ta yi hasashen abin da abokin karawarka zai danna ta ci gaba, in saƙon gaskiya ya iso ya saɓa, sai ta koma baya ta gyara cikin ƙiftawar ido. Aiki ne mai kyau, amma yana bukatar intanet mai tsayawa da ƙafarta, ga kuɗin data a kan kowane wasa.

A nan ne samarinmu suka nuna hanya da kansu. Tun da wayoyin Android suka yi arha, za ka ga yara a gindin bishiya ko bakin shagon caji, ɗaya ya kunna hotsifot ba tare da ko sisin data ba, sauran su jona, su buga Mini Militia, ko su kara a PES ta manhajar PPSSPP wadda Henrik Rydgård ya fara a 2012. Kowa da allonsa, wasa ɗaya, wuri ɗaya. Abin da Namco ya ƙera da manyan injiniyoyi ke nan, ya dawo cikin aljihun ɗan sakandare, kuma ba wanda ya koya musu sai junansu.

Ni dai ina ganin wannan matakin na jona akwatuna da muka tsallake shi ya fi dacewa da gari irin Ka'oje. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, janareta ya zama abin da ke cinye ribar mai gidan gem. Cajar Raspberry Pi 4 ta wat 15 ce kacal, kuma ƙaramin allon zamani bai kai tsohuwar talabijin mai ƙusumbi shan wuta ba, don haka farantin sola da batir ɗaya za su riƙe akwati biyu, su kuma kawar da tsoron tsinkewar zobe in an ɗauke wuta. Wanda ke son farawa, hanyar Japan ta fi sauƙi: na'ura ɗaya, ɗan akwatin raba hoto na HDMI, doguwar wayar hannun wasa, allo biyu baya da baya. Wasan tsere shi ke bukatar ƙwaƙwalwa biyu da tsohuwar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da waya tsakaninsu. Katakon yana wurin kafinta, mai gyaran waya ya iya dalma da saiti, sauran kayan kuma a nemo su a kasuwannin kayan lantarki na Kano ko Legas.